A Wanke Motar Kifi, Amma Ba A Cikin Kogi Ba

Duk mai bibiyar littattafanmu na Hausa ya san irin motar da marubuta suka fi ƙauna. Dalleliya ce, baƙa wuluk ko fara sol, sai ɗaukar ido take yi. Maigadi ya wangale mata get, ta sulala ciki, a buɗe ƙofa ƙamshin turare ya riga mai ita fitowa. Da wuya ka ga an hau motar kifi a cikin labari. Alhali kuwa farfesun tarwaɗar da amarya ke jera wa Alhaji a tebur, da kifin bandar da ake jefawa a miyar kuka, ba da ƙafarsu suka zo birni ba. Wata tsohuwar akori-kura ce ta kwaso su, ko wani babur da laka ta rufe har ba a gane launinsa. To, yau a kan wannan motar nake son mu ɗan tattauna, kuma na zaɓi ƙasar Kirikasamma ta Jihar Jigawa, domin a can ne na fi ganin lamarin da idona.

Abin da nake son faɗa gajere ne, ko da yake bayaninsa zai ɗan ja mu. Motar da ta je bakin ruwa ta ɗauko kifi, ya zama dole a wanke ta a ranar, ciki da waje da ƙarƙashi. Amma ɓarna ce babba a tura ta cikin kogi ko tafki a ce ana wanki. Mutanenmu sun kasu gida biyu a kan wannan: akwai waɗanda ba sa wankewa sam, akwai kuma masu wankewa a inda bai kamata ba. Kowane ɓangare yana ganin shi ne mai dabara, alhali dukansu abu guda suke cuta, wato kifin da suke cin abinci da shi.

Bari mu fara da ƙasar kanta, saboda mai karatun da bai taɓa zuwa ba. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Ya bi ta Ringim, ya wuce garin Haɗeja, daga nan sai ƙasa ta shimfiɗe, ruwa ya rasa gangaren da zai bi da sauri, ya rarrabu rassa-rassa. Ɗaya daga cikin rassan shi ne na Marma, wanda ke ratsa ƙasar Kirikasamma ya nufi tafkin Nguru a Jihar Yobe. Garuruwa irin su Marma da Madachi da Turabu da Baturiya duk da wannan ruwa suke kwana, da shi suke tashi. A watannin Agusta da Satumba ruwa ke cika fadamu, kifi ya bazu ya yi ƙwai ya yi ƙiba. Da ruwa ya fara janyewa kuwa sai kakar masunta ta kama: mai birgi ya jefa, mai kalli ya shimfiɗa, mai mamari ya ɗaura ƙugiyoyinsa, mai gura ya kafa. Ga tarwaɗa, ga karfasa, ga bargi, ga kurungu, ga gaiwa. Fatake kuma ba sa jira a kawo musu kasuwa; bin masunta suke yi har gaɓa, wasu da babur, wasu da ƙananan motoci, wasu da Kanta, su loda su nufi Haɗeja, daga can kifi ya wuce Kano da sauran birane har kudancin ƙasar nan.

Tsakanin kwalta da gaɓar ruwa, mota sai ta ratsa ƙasa iri biyu. Da farko akwai jigawa, rairayin nan mai laushi wanda jihar kanta ta ci sunansa. Sannan a gangara fadama, inda laka take baƙa mai danƙo, wadda idan ta kama ƙarfe ta bushe sai ka rantse siminti aka yaɓa. Rairayi yana shiga duk wata kafa da ke juyawa, laka kuma tana toshe duk wata kafa da ya kamata ta sha iska.

A ƙasashen da ke bakin teku an daɗe da sanin wannan matsala. A Ostireliya akwai wani tsibirin rairayi mai suna K'gari, wanda a da ake kira Fraser kafin a maido masa da sunansa na asali a 2023. Mutane kan shiga da motocinsu su bi bakin teku suna kamun kifi, kuma a garuruwan da ake tsallakawa zuwa tsibirin akwai wuraren da ake feshe ƙarƙashin mota da ruwa mai daɗi da zarar an dawo. Dalilinsu gishiri ne, don ruwan teku idan ya kwana a jikin ƙarfe, tsatsa ta samu gida. Da ka kawo wa direbanmu wannan misali sai ya yi dariya ya ce, ai mu ruwanmu ba gishiri. Gaskiya ne, babu gishiri a Kogin Haɗeja. To amma muna da abubuwa uku da ke yi mana aikin gishirin.

Na farko ita ce lakar da na ambata. Samanta kan bushe, amma cikinta yana riƙe da danshi kwana da kwanaki, manne da ƙarfen ƙarƙashin mota, a lungunan da ido ba ya kai wa. Na biyu shi ne ruwan kifi kansa, jini da yauƙi da ruwan ƙanƙarar da ta narke, wani lokaci har da gishirin da ake barbaɗawa. Wannan ruwa yana bi ta ƙarƙashin kafet ya taru a ramin safaya, ya zauna. Na uku shi ne takin zamani. Motar da ta ɗauko kifi da asuba, ita ce da la'asar za ta kai wa mai noman rani buhunan yuriya. Ƙwayoyin da suka zube suna jan danshi daga iska, kuma duk manomin da ya taɓa barin taki a cikin kwanon ƙarfe ya san abin da ke biyo baya. Idan waɗannan uku suka haɗu a but ɗaya, ba a buƙatar teku. Shi ya sa za ka ga mota injinta lafiya lau, amma kana zaune a kujerar baya kana hango ƙasa na gudu ta ƙarƙashin ƙafarka.

Ba tsatsa kaɗai ba ce. Laka idan ta toshe haƙoran lagireto, iska ba ta ratsawa, inji ya riƙa zafi, direba ya yi ta ɗura ruwa yana zagin bakanike. Rairayi idan ya cakuɗu da giris ya shiga boris, sai ya koma kamar dutsen niƙa, yana cin ƙarfe a hankali har ranar da taya za ta fara kuka. Sarƙar babur ma haka take ƙarewa tun lokacinta bai yi ba. Birkin da ya sha ruwa da laka kuwa ba ya kamawa yadda ya kamata, kuma ba sai na gaya wa mai karatu abin da hakan ke nufi ga motar da aka yi wa lodi har sama, ga fasinja a kan kaya, ga shanu na tsallaka hanya ba. Akwai kuma wani abu da direbobi da yawa ba su lura da shi ba. Tukunyar giyar da ke tsakanin tayoyin baya tana da 'yar kafar shan iska. Idan mota ta yi tafiya ta yi zafi, sannan aka tsunduma ta cikin ruwan sanyi, iskar ciki takan tsuke ta zuƙo ruwa ta wannan kafa. Sai man giya ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ya daina aikinsa, mai mota bai sani ba sai ranar da ƙara ta tashi.

Duk wannan asarar mai mota ce, wani zai ce ruwansa. Abin da ya shafe mu gaba ɗaya shi ne abin da ke faruwa da kifin. Na taɓa yi wa wani direba maganar ƙarnin motarsa a tasha, sai ya ce da ni, "Haba Malam, ai ƙarni shi ne shaidar sana'a. Motar da ba ta ƙarni ba ta kawo kuɗi." Mutanen wurin suka yi dariya, ni ma na yi, don maganar ta yi daɗin faɗa. Amma a gaskiya kifin da aka fito da shi daga ruwa yanzu-yanzu ba shi da wannan warin mai hawa kai. Warin da ke fitowa daga but, na kifin jiya ne da na shekaranjiya, wato jini da yauƙin da suka ruɓe, ƙwayoyin cuta suka hayayyafa a cikinsu. Idan ka ɗora sabon kifi a kan wannan, ka ba shi irin ruɓewa ke nan tun kafin ya bar gaɓa. A zafin watan Afrilu, sa'o'i kaɗan sun isa ciki ya kumbura, ido ya dushe, nama ya saki. A isa kasuwa dillali ya latsa da yatsa ya karya farashi, ko kuma a ruga a banda shi don a ɓoye aibinsa. Masunci ya sha sanyin asuba, falke ya sa jarinsa, ƙazantar but ta cinye ribar.

Mafi muni shi ne abin da ake haɗawa da kifin a wuri guda. Jarkar fetur ta injin ban-ruwa tana yoyo a kusurwa. Kwalbar maganin feshi da aka kai gona jiya ta ɗiga a kafet. Wani ma da ƙudaje suka dame shi, maimakon ya wanke but ɗin, sai ya feshe shi da fiya-fiya, gobe ya zuba kifi a kai. Kada mu manta, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan irin wannan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Su suna da ɗakunan gwaji da za su gane su mayar. Uwargidan da ta sayi kifi a Haɗeja ko a Kano ba ta da abin gwaji sai hancinta, kuma yaji da daddawa suna rufe abubuwa da yawa.

To, wannan ɓangare na farko ke nan. Sai na biyu, masu tsabta, waɗanda nake ganin maganarsu ta fi wuya domin niyyarsu mai kyau ce. Ka je kowace mashaya ko mashigi da yamma, za ka tarar da babura a jere cikin ruwa har gindin inji, wani lokaci da mota an tura ta da baya, yara na ta dirza da omo, kumfa na tafiya, wani shuɗi-shuɗi mai ƙyalli kamar bakan gizo yana yaɗuwa a saman ruwa. Mai babur ya koma gida yana sheƙi, zuciyarsa wasai. Amma ina dattin ya tafi? Bai tafi ko'ina ba. Baƙin mai da giris da ɗigon fetur da ragowar maganin feshi duk suna nan a cikin ruwan da gobe za a jefa birgi.

Mai ba ya narkewa a ruwa. Shimfiɗewa yake yi a sama ya zama wani siririn mayafi da ke rage iskar da ke shiga. Hukumomin kula da muhalli a Turai sun sha gargaɗin cewa lita ɗaya ta baƙin mai na iya ɓata ruwan sha lita miliyan ɗaya. Omo kuwa aikinsa shi ne narkar da maiƙo, kuma yauƙin da Allah ya lulluɓe jikin kifi da shi don kariya, da jan naman nan mai laushi da yake numfashi da shi a gefen kansa, ba sa jure wa hakan. Manya kan gudu, ƙananan da aka ƙyanƙyashe a bakin gaɓa, inda ruwa bai da zurfi, su ne ke mutuwa ba wanda ya gani. Wasu nau'o'in omo kuma suna ɗauke da sinadarin fosfet, wanda taki ne ga ciyawar ruwa. Wani dattijon masunci ya taɓa ce mini, "Ɗana, ni ba na kafa gura kusa da inda ake wankin babura. Kifin wurin ko an soya shi sai ka ji mai a harshenka." Wannan ba camfi ba ne. Naman kifi yana ɗaukar ɗanɗanon man da ya zauna a cikinsa.

Sannan ga yaran da ke wankin. Ruwan da ba ya gudu sosai, mai ciyawa a gefe, shi ne gidan ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar ba sai an sha ruwan take shiga ba, ta fata take ratsawa. Yaron da ya yi awa biyu tsaye a ruwa har gwiwa yana dirzar babur saboda ɗan abin da za a miƙa masa, ba mamaki bayan 'yan watanni a ga jini a fitsarinsa. Akwai magani a asibiti, amma me ya fi raina kamar a sha magani yau a koma cikin ruwan gobe? Mai babur ya tsabtace ƙarfensa, ya bar ɗan mutane da cuta.

Akwai wata fuska kuma da ba mu cika kallo ba. Duk mutumin wannan yanki ya san kachala. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, aka riƙa sakin ruwa rani da damina, rassan kogin da a da kan bushe suka daina bushewa, sai wannan ciyawa ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Ba mota ce ta kawo kachala ba, iska ma ta ishe ta yaɗa irinta. Amma ya kamata ta zame mana darasi cewa ciyawa ɗaya tana iya sauya rayuwar al'umma. Akwai wata baƙuwar kainuwa mai fure shuɗi, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shigo Nijeriya ta wajen Badagry a 1984, daga baya ta addabi Kogin Kwara da tafkin Kainji. Ɗan guntunta ya isa ta kafu a sabon wuri. Masuntanmu da fatakenmu kuwa matafiya ne, yau suna Tiga, gobe Yawuri, jibi bakin Tafkin Chadi, da tarunansu jiƙe a bayan mota da laka a taya. Wanda ya dawo daga wani ruwa ya wanke motarsa a cikin namu, bai san abin da ya dasa ba. A ƙasar Niyu Zilan, bayan an gano wata baƙuwar gansakuka a kogunansu a 2004, sai suka ɗora wa duk mai zuwa su ko wasan ruwa ƙa'ida mai gaɓa uku: ka duba kayanka, ka wanke, ka shanya, kafin ka matsa zuwa wani kogin. Ba ta buƙatar kuɗi, hankali kawai take buƙata. Mu da muke da dausayin Baturiya, wanda tun 2008 aka sa shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, inda tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu, ai mun fi kowa cancantar wannan ƙa'ida.

Na san amsoshin da za a ba ni, kuma ba na raina su. Za a ce ruwan kogi kyauta ne, a gari kuwa sai ka sayi jarka wurin 'yan garuwa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 direba ƙirga kowace naira yake yi. Za a ce, in na wanke yau gobe ma cikin lakar zan koma. Za a kuma ce, wane irin lahani babur ɗina zai yi wa kogin da tun daga Kano masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa suka daɗe suna zuba masa dattinsu?

Ta ƙarshen ita ce mafi ƙarfi, don haka da ita zan fara. Gaskiya ne manyan masu ɓata kogin suna can sama, kuma haƙƙin hukuma ne ta tsawata musu. Amma laifin babba ba ya wanke na ƙarami. Ban da haka ma, da rani yawancin wuraren da ake su ba kogi mai gudu ba ne, tafkuna ne da ruwa ya yanke ya bari. Abin da ka zuba a ciki yana nan har damina, kullum ruwan na raguwa dattin na ƙara kauri. Ranar da ambaliya ta zo kuwa, kamar yadda muka gani a 2020 da 2022 lokacin da ruwa ya ci garuruwa da gonaki a Kirikasamma da Guri da Auyo da Kafin Hausa, duk abin da aka tara a gaɓa sai ya biyo mu har rijiyoyinmu. Maganar "gobe ma zan koma" kuwa, ai tukunya ma gobe za a sake girki a cikinta, ba wanda ya taɓa cewa don haka kada a wanke. Batun tsadar ruwa shi ne mafi sauƙin warwarewa. Ban ce kada a yi amfani da ruwan kogi ba. Cewa na yi kada a shigar da mota cikinsa. A ƙasar da kusan kowane mai noman rani yake da injin ban-ruwa da mesa, me zai hana a ja ruwan zuwa tudu, taku hamsin ko fiye daga gaɓa, a yi wankin a can? In babu inji, bokiti huɗu sun ishi babur.

Ga yadda nake ganin ya kamata a yi, kuma babu abin da na ƙirƙiro, duk abubuwa ne da direbobi masu kula suke yi. Tsabta tun kafin lodi take farawa. A shimfiɗa tamfol mai kauri a but ko a bayan akori-kura, gefensa ya ɗaga sama yadda ruwa ba zai zurara ba. A zuba kifi a baho ko kula, ba a buhu kaɗai ba. Jarkar fetur da maganin feshi da taki kada su taɓa haɗa wuri da abinci, ko da rana daban-daban ne, sai an wanke tsakani. Kafin a bar bakin ruwa a sa sanda a kaɓe lakar da ta taru a taya da madigadi, a cire duk ciyawar da ta naɗe a ƙasa, a jefar da ita a tudu inda rana za ta kashe ta.

Da an sauke kaya, a yi wanki a ranar, tun laka na da taushi. A bar inji ya huce tukuna. A fara da ƙarƙashi, domin nan ne cutar take, ba saman da mutane ke gani ba: bayan tayoyi, wajen birki, lungunan ƙarfen da ke ɗauke da mota, da gaban lagireto a hankali don kada a lanƙwasa haƙoransa. Jikin mota kuwa a fara kwarara masa ruwa kafin a sa soso, don tsumma a kan rairayi kankare fenti yake yi, inda fenti ya kankaru kuma nan tsatsa ke farawa. Cikin but a fitar da kafet da safaya, a wanke da ruwan sanyi da sabulu. Ruwan zafi dafa jinin yake yi ya manne. Yawancin motoci suna da 'yar toshiyar roba a ƙasan ramin safaya. A cire ta ruwa ya tsiyaye, sannan a mayar. Bayan sabulu a goge da ruwan lemon tsami ko binega, domin tsami yana karya ƙarni, kamar yadda kowace mai girki ta sani, sannan a ɗauraye. Wanda zai sa ruwan bilic don kashe ƙwayoyin cuta, ya sa shi shi kaɗai, kada ya kuskura ya haɗa shi da lemon tsami ko binega, don haɗin yana fitar da iska mai guba. Sai a buɗe ƙofofi da but a bar rana ta yi aikinta. Ita ce babbar mai wankinmu kuma ba ta karɓar ko kwabo. Da dare a ajiye kwanon gawayi a ciki ya zuƙe sauran wari. Turaren mota ba ya korar ƙarni, aure kawai suke yi su haifi abin da ya fi su muni.

Idan an ratsa ruwa mai zurfi, a riƙa taɓa birki a hankali ana tafiya har ya bushe ya dawo kamawa, kuma a sa bakanike ya duba man giya. Mai babur ya wanke sarƙa, ya bari ta bushe, ya sa mata mai. Al'adar nan ta fesa tsohon baƙin mai a ƙarƙashin mota wai don maganin tsatsa, ni ban goyi bayanta ba ga motar da ke zuwa bakin ruwa: yana lalata robobi, yana kama rairayi, kuma a mashigi na farko zai wanke ya shiga kogi. Ruwan wankin kansa a yi masa rami, a zuba yashi da gawayi, nesa da rijiya, ƙasa ta tace shi a hankali.

Wa zai ɗauki nauyin wannan? Ban ga dalilin jiran Abuja ko Dutse ba. Muna da sarakunan ruwa waɗanda tun kaka da kakanni su ke cewa ga ranar da za a buɗe tafki, ga irin tarun da ba a yarda da shi ba, kuma ana jin maganarsu. Wanda ya iya hana su a tafki har sai ranar da aka ɗiba, zai iya hana wankin babur a cikinsa. Muna da bulamai da masu unguwanni da dagatai. Muna da ƙungiyar direbobi da ta 'yan acaɓa da ta masu sayar da kifi, waɗanda kullum suna karɓar kuɗin shiga. Su keɓe fili ɗaya a tudu kusa da kowace babbar gaɓa, a haƙa rami, a ajiye inji da mesa, yaran da ke wanki a cikin ruwa su dawo nan su ci gaba da samun na kashewa ba tare da tsargiya ba. Ƙaramar hukuma kuma ta tuna cewa a zamanin En'e duba-gari har cikin randa yake leƙawa. Ba abin kunya ba ne jami'in lafiya ya leƙa but ɗin da ake zuba abincin jama'a. Mu masu saye ma muna da namu: idan dillalai suka fara fifita kifin da ya zo a mota mai tsabta, ko da ɗan ƙarin farashi ne, ba sai an yi wa kowa wa'azi ba.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma kowa ya gyara ya sani. Motar kifi ba za ta taɓa zama dalleliya ba, ba kuma wannan ake nema ba. Abin da ake nema shi ne ta daɗe tana yi wa mai ita aiki, ta kai kifi kasuwa da darajarsa, kuma ta bar ruwan da ta ɗebo arziki a cikinsa yadda ta same shi. Wanda ke da ɗan'uwa direba ko masunci ko falke a wannan yanki, don Allah ya isar masa da saƙon nan. Wanda kuma yake da wata dabarar da ta fi tawa, ƙofa a buɗe take, a ƙaru da juna.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.